Goyo Ne Ko Haya?

Sallama gare ku, ku da kuka cika min akwatin saƙo kuna tambaya ko mutuwa na yi da na yi shiru haka. Ban mutu ba. Ku gyara zama, ni dai ba halin gyarawa, domin ƙafata ta dama tana kan filo a tsakiyar falonmu, an naɗe ta da filasta tun daga gwiwa har idon sawu. Da yatsa ɗaya nake rubuta muku wannan, waya a kan ƙirjina, in kun ga kuskure ku yi min uzuri.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: Auta ake ce min a gida, kuma tela ce ni. Ina da ɗan shago a bakin titi, keken ɗinki na ƙafa, madubi mai tsaga a gefe, da labulen da mata ke shiga bayansa su gwada kaya, su fito suna cewa na matse musu hannu alhali su ne suka ƙara jiki. Da ƙafar nan ta dama nake taka keken. Ita ce jarina, ita ce abincina.

Likita ya ce ƙashin ƙaurina ya karye mummunar karaya, filastar nan riƙon ƙwarya ce kawai. Sai an yi aiki an sa ƙarfe. In aka bar shi zai haɗe da kansa a karkace, in tashi ina jan ƙafa, keke kuwa sai dai in kalle shi. Ya kuma ce kada mu ja lokaci, don ƙashi ba ya jiran a gama shawara. Ba zan faɗa muku abin da asibiti suka nema ba. Baba dai kafinta ne, kuma da ya ji sai da ya cire hula ya shafa kansa, ya mayar, ya sake cirewa.

To, yanzu sai zancen wanda ya kayar da ni.

A wayata sunansa Direbana. Shi kuma Telata yake ce min. A wani babban shagon kayan ɗinki yake aiki, inda muke sayen zare da zif da maɓalli da shafi, shi ne mai rarraba wa teloli kaya a kan jan babur ɗin shagon. Ranar farko zare ruwan toka na ce a kawo min, ya kawo ruwan ƙasa. Na yi masa tas. Ya koma ya dawo da ruwan toka, sai ya manta zif. Washegari ya kawo zif, ya manta maɓalli. Sai da na ce masa, "Malam, in shagon naku za ka kwaso min ɗaya-ɗaya, ka faɗa min in ƙara kanta," sannan ya yi dariya ya ce ai dama ba mantuwa yake yi ba.

Kun san irinsu. Riga a goge kullum, karin guga kamar zai yanka yatsa, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Magana a hankali, kai a sunkuye. Ya fara zuwa gida gaisuwa, Umma ta riƙa ciro masa kofin gilas daga cikin kabad, wanda ni da aka haifa a gidan ban taɓa shan ruwa da shi ba. Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune da mu, ta riƙa tsokanarsa wai angonta ne ba nawa ba. Amma kullum sai Baba yana wurin aiki yake zuwa. Umma ta ce a bar sanar da Baba sai ranar da yaron ya shirya turo manyansa, don Baba ba ya son a yi ta sintiri a ƙofar gidansa ba magana tsayayya.

Manyan kuwa kullum suna hanya. Bari kasuwa ta buɗe. Bari ya gama rufin ɗaki. Bari kawunsa ya dawo daga tafiya. Ni da nake gane yadi mai zuba tun daga bakin ƙofa, wannan kam ban gane shi ba.

Akwai wata doka ta Baba da ya kamata ku sani. Hawa babur ɗin haya bai hana ni ba, ya ce wannan lalura ce. Amma saurayi ya goya 'yarsa a baya ana kallo, wannan ba a gidansa ba. Lokacin da aka ga 'yar maƙwabcinmu a bayan wani, Baba ya kwana biyu yana maganar, a gida da wurin aiki da bakin masallaci. Kowa a layinmu ya ji shi yana cewa, "Autata ba ta haka."

Ranar da abin ya faru, rigar wata mata ce a hannuna, mai duwatsu a ƙirji, na makara da ita, matar kuma tana ta kira kamar wayar za ta kama da wuta. Sai ga shi ya kawo zare. Ya ce, "Hau in miƙa ki, Telata, ai kan hanyata ce." Ina sanye da shuɗiyar doguwar riga da na ɗinka wa kaina, mai aljihu a ɓoye, na naɗe mayafi don kada ya shiga taya, na rungume ledar rigar na hau. Ba ranar na fara ba, kada in yi muku ƙarya.

A shataletale akwai yashi da wata motar gini ta zubar. Wani ya danna mana oda, ya taka birki, babur ya zame. Abin da na tuna shi ne rigar matar nan a shimfiɗe a kan kwalta tana ƙyalli, da nauyin ƙarfe a kan ƙafata, da wata ƙara da na ji a cikin jikina ba a kunnena ba. Shi gwiwar hannu kawai ya kurje.

Kafin in farfaɗo a asibiti, Umma ta riga ta gaya wa Baba cewa mai babur ɗin haya ne ya kayar da ni. Da na buɗe ido ta sunkuyo kamar za ta gyara min mayafi, ta ce a kunnena, "Haya kika hau. Kin ji ko? Haya." Na gyaɗa kai. A lokacin ko cewa ta yi jirgi na hau zan gyaɗa.

Bayan an sallamo ni, an sauko da katifata falo saboda ba na iya taka matakalar ɗakina, sai ga saƙonsa.

"Telata, ya jiki? Yanzu na fito daga ofishin inshora. Albishirinki."

"Goro," na rubuta.

"Babur ɗin shago yana da inshora. Suna biya wa wanda ya ji ciwo a baya. Za su biya aikin ƙafarki gaba ɗaya."

Na sa wayar a fuskata na yi kuka. Goggo ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana salati, ta zaci ƙafar ce.

"Amma ki saurare ni da kyau," ya ci gaba. "Fasinja kawai suke biya wa. In suka ji mun san juna za su ce haɗa baki muka yi. Za su turo ma'aikaciyarsu gida. Ki ce tsayar da ni kika yi a hanya, kika biya kuɗin haya. Ba ki san ni ba, ban san ki ba."

"Ko sunanka?"

"Ko sunana. Kuma ki goge duk hirarmu da hotuna da kiran waya, suna duba waya. Don ke nake yi, Telata. Ki warke mu yi maganar manya."

Na nuna wa Umma. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi. Kin ga ikon Allah? Maganarmu da tasa sun zo ɗaya. Babanki ba zai ji ba, ƙafa kuma za a gyara." Goggo ta ce yaron nan ɗan albarka ne, mai hankali, da wani ne da tuni ya gudu.

Na goge. Ku da kuka taɓa so ku kaɗai za ku gane abin da na goge. Saƙon farko da ya ce na yi masa kyau cikin ruwan toka. Hoton hular da na yi masa aiki a kai. Muryoyin da yake turo min yana kan hanya, iska na kaɗawa, yana cewa ga shi nan tafe da zaren da ban ce a kawo ba. Na danna, waya ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Lambar kawai na bari.

Bai zo duba ni ba. Ya ce in aka gan shi a layinmu magana ta lalace. Na yarda, har ina tausayinsa, wai yana can yana daurewa. Baba kuwa kullum ya dawo sai ya zauna a bakin katifata da ƙurar katako a gira, ya tambayi jiki, sannan ya hau mai babur ɗin da bai sani ba da faɗa. Ya ce yaran nan ba su san darajar ran mutum ba. Ya ce da a ce ya san fuskarsa, da ya je ya tambaye shi ko haka zai tuƙa ƙanwarsa. Ya sassaƙa min sandunan dogarawa da hannunsa, ya naɗe wurin hammata da soso da yadi don kada su ci min fata. Duk ranar da ya yi faɗan nan sai abinci ya ƙi wuce min.

Yau, ranar da matar inshora za ta zo, tun da safe Umma ta tayar da gidan. Aka share falo, aka shimfiɗa min zanen gado mai furanni wanda ake ajiye wa baƙi, aka kunna turaren wuta. Na sa Goggo ta farke min gefen wata doguwar riga mai ruwan hoda don filasta ta wuce, ta farke ta a karkace, na yi shiru don ba ranar gyaran ɗinki ba ce. Baba bai je aiki ba. Ya sa farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga.

"Maimaita," Goggo ta ce min a hankali tana ɗaura min ɗankwali.

"Tsayar da shi na yi. Na biya. Ban san shi ba."

"Yawwa. Kuma ki daina sunkuyar da kai kamar wadda ta saci nama a tukunya."

Matar ta iso da hantsi. Babba ce, za ta yi sa'ar Umma, da tabarau mai igiya a wuya, baƙar jaka, da takalmi marar tudu da ya sha ƙura. Kalmasar siket ɗinta ta saki ta gefe ɗaya, idona ya kasa barin wurin. Ta gaida Baba da ladabi, ta yi min sannu, ta karɓi ruwa a kofin gilas ɗin nan ta kurɓa. Ta tambayi ranar, da wurin, da abin da likita ya ce. Ta duba hoton ƙashin a hasken taga ta girgiza kai.

"Wannan kam yana son aiki da wuri," ta ce. Sai ta juyo gare ni. "To 'yata, tambaya ɗaya ta rage, kuma ita ce babba. Hawan da kika yi, goyo ne ko haya?"

Na ji idon Umma a gefen fuskata. Na ji na Goggo a ƙeyata. Baba yana kallona da irin kallon da yake min tun ina ƙarama in na kawo sakamakon makaranta.

"Haya ne," na ce.

"Kin biya shi?"

"Na biya."

"Ba ki san shi ba kafin ranar?"

"Ban san shi ba."

Ta sauke tabarau ta dube ni da idonta tsirara. "Kin tabbata? Ki yi tunani. Ba sauri nake ba."

"Haba baiwar Allah," Goggo ta shigo, "ina za ta san shi? Yarinyar nan daga gida sai shago, daga shago sai gida. Tambayi duk layin nan."

"Autata ba ta hawa bayan kowa," Baba ya ce, a natse, har da ɗan murmushi.

Matar ta yi rubutu kaɗan. Ta rufe biro, ta mayar da takardunta jaka, ta ja zif. Ni dai na ji jan zif ɗin nan bai yi min daɗi ba.

"To Hajiya," Baba ya gyara zama, "yaushe za mu sa rai? Likita ya ce kada a daɗe."

"Malam, ka yi haƙuri. In haya ne, kamfaninmu ba zai biya ba."

Baba ya karkato kunne.

"Ban gane ba," in ji Baba.

"Babur ɗin na shago ne, na kai kaya. Inshorar da mai shagon ya yanka ta ɗauki nauyin wanda aka goya a baya, in dai kyauta aka goya shi. Ɗan uwa, aboki, abokin aiki, duk wanda aka rage wa hanya. In ya ji ciwo, mu ke biyan asibiti. Amma ba a yanke ta don haya ba. Da zarar an karɓi kuɗin mutum, an fita daga yarjejeniyarmu. Sai dai ku nemi haƙƙinku a wurin shi yaron."

Wallahi har a lokacin kare shi nake yi a zuciyata. Na ce bai fahimta ba ne. Na ce juya masa maganar aka yi, shi ba ɗan boko sosai ba ne.

"Shi mai babur ɗin," na ce, "ya san haka?"

"Ni na yi masa bayani da bakina, a ofishina, kafin ya ce komai. Na ce masa in goyo ne za mu biya mata, in haya ne ba za mu biya ba. Har na maimaita, don na ga hoton ƙafar. Ya ce haya ne, bai taɓa ganinki ba." Ta ɗauki jakarta ta ɗora a cinya. "Ni har mamaki na yi, don a gaban maigidansa ya faɗa. Mutumin ya yi ta faɗa, wai yaron da zai ba 'yarsa ne yake haya da babur ɗin shago a ɓoye. Amma kafin su fita ya huce. Ya ce kuskure ne na yaro mai neman kuɗin aure, ba zai fasa ba, an riga an sa rana."

Ba ta san abin da ta yi ba, baiwar Allah. Hira ce take yi irin ta wanda ya gama aiki yana shirin tashi.

'Yan uwa, ban yi ihu ba. Ban suma ba, irin na finafinai. Wani sanyi ne ya taso min daga cikin filastar har wuya. Na tuna saƙonsa: yanzu na fito daga ofishin inshora, albishirinki. Ashe daga jin gaskiyar ya fito, ya tsaya a bakin ƙofarsu ya rubuta min kishiyarta. An ajiye masa ƙafata a hannu ɗaya, 'yar maigida a ɗaya hannun, bai ko yi jinkiri ba. Ya gwammace a ce masa maci amanar shago da a ce ya san ni. Kuma bai bar ni haka ba, sai da ya sa na haƙa ramin da bakina, na goge duk abin da zan kama in fito.

Matar ta miƙe. Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Goyo ne."

"Auta!" in ji Umma.

"Goyo ne, Hajiya. Ban biya shi ko sisi ba. Na san shi. Nemana yake yi, ya daɗe yana zuwa gidan nan. Shi ya ce in ce haya."

Ban kalli Baba ba. Ba zan iya ba. Na dai ji kujerarsa ta yi ƙara.

Matar ta koma ta zauna a hankali. Ta ce, "Ana iya gyara bayani, 'yata. Amma yanzu kin faɗi magana biyu, shi kuma ya ce bai san ki ba. Ofis ba za su ɗauki bakinki kaɗai ba. Kina da saƙonninsa?"

"Ya sa na goge."

"Hoto?"

"Duka."

Na jawo wayar na kira shi, na buɗe murya kowa ya ji. Ta yi ta ƙara. Da ya ɗauka sai na ji hayaniyar shago a bayansa, da muryar wani dattijo yana cewa a sauko da kwalin zif.

"Ni ce," na ce. "Matar inshora tana nan. Ta ce in goyo ne za su biya. Ka gaya mata gaskiya, don girman Allah. Ƙafata ce."

Sannan muryar nan tasa mai taushi, wadda na sani kamar tafin hannuna.

"Wa ke magana? Baiwar Allah, ina jin kin yi kuskuren lamba."

Ya kashe.

Matar ta dubi ƙasa. Can ta ce, "In akwai wani babba da zai shaida ya san shi yana zuwa wurinki, zan rubuta. Zai taimaka."

Sai na ji sanyi a raina, don shaidata tana zaune kusa da ni. Na juya.

"Umma, gaya mata."

Umma tana murza bakin mayafinta. Ta dubi Baba, ta dubi ƙofa, ta dubi kofin gilas ɗin da ke gaban baƙuwa.

"Umma, ke kike ba shi ruwa. Gaya mata."

"Ni..." ta ce. "Masu kawo mata zare suna da yawa. Ban riƙe fuskar kowa ba."

Na dubi Goggo. Goggo ta ɗaga kai tana nazarin fanka kamar yau aka saka ta.

Na shi ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma shi bare ne, a titi na tsince shi. Wannan kuwa matar da ta goya ni ce a bayanta. Na san tsoron Baba take ji, na san shekara da shekaru tana tattalin kada ransa ya ɓaci a gidan nan. Na sani. Amma ƙafata tana gabanta a kan filo, kuma ta ji abin da likita ya ce da kunnenta.

Wayar ta yi ƙara a kan cinyata. Saƙo. Sunan Direbana ya fito ɓaro-ɓaro a fuskar wayar. Na kai hannu, sai wani hannu ya riga ni, mai kanta da tabon kurfin sassaƙa a babban yatsa. Ban san lokacin da Baba ya taso ba.

Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya matso da ita, bai zo da tabaransa ba. Sai ya miƙa wa Umma.

"Karanta min."

"Malam, don Allah..."

"Da ƙarfi. Baƙuwa ma ta ji."

Umma ta karɓa da hannu biyu. Muryarta ta fito siririya, ba irin wadda take kiran mu da ita daga kicin ba.

"Telata, ki yi haƙuri, maigida yana kusa ne shi ya sa. Kada ki sake kira. Kada ki canza magana, in kika ce goyo ne na shiga uku, aikina da komai zai tafi."

Na ji matar inshora ta ja zif ɗin jakarta. Ta ciro takardun, ta buɗe biro. "Wannan kada wanda ya goge shi," ta ce a hankali. "Ya isa a sake buɗe maganar."

Umma ta tsaya da karatu, idonta a kan wayar. Na ga akwai saura, don yatsanta ya rufe ƙasan rubutun.

"Ci gaba," in ji Baba.

"Shi ke nan."

"Ci gaba, na ce."

Ta janye yatsan. "Zancen 'yar maigida kuma ba ɓoye miki na yi ba. Ki tambayi Umma. Na gaya mata tun a asibiti, ita ta ce in yi shiru har ki..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ajiye wayar a kan filastar ƙafata a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Baba ya tsaya a tsakiyar falo cikin farar rigarsa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dubi matar inshora ya ce, "Hajiya, ki rubuta duk abin da yarinyar nan za ta faɗa miki." Yarinyar nan. Tunda nake ban taɓa jin ya kira ni haka ba.

Ya sa takalmansa a bakin ƙofa. Bai juyo ba ya tambaye ni inda shagon da yaron ke aiki yake, na faɗa masa, ya fita.

Na ba matar labarin tun daga zaren ruwan toka. Ta rubuta, ta ɗauki hoton saƙon da wayarta, ta ce za ta kai da kanta yau, in fara shirin komawa asibiti. Ta dafa kaina kafin ta tafi. Goggo ta raka ta, daga can ta zarce gidan maƙwabta, wai za ta karɓo aron wani abu.

Yanzu rana ta karkata, ni kaɗai ce a falo. Ina jin ƙishirwa, ruwa kuma yana kicin. Na kira Umma sau ɗaya, ta amsa daga bayan ƙofa da muryar wadda ta sha kuka, sai na kasa ce mata ta kawo min ruwan. Ba ta fito ba. Baba kuma har yanzu bai dawo daga shagon ba.